Hunturun Majigi: Yadda Ake Zuba Dusar Ƙanƙara da Haske a Biranen Turai



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau wata sana'a ce da ta bunƙasa a biranen Turai da Amurka da Japan, watau sana'ar haska bangon gine-gine da majigi a lokacin sanyi, har mai wucewa ya ga kamar dusar ƙanƙara ce ke zuba a jikin kanti ko majalisar gari, alhali kuwa ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a hoto? To, a cikin zauren nan akwai masu karatun injiniya da zanen gine-gine da tsarin birane, akwai kuma waɗanda gobe za a ajiye wa fayil a kan tebur, a ce su sa hannu a saki kuɗin jama'a domin ƙawata dandali ko shataletale. Wanda bai san yadda abu ke aiki ba, ba zai san abin da zai tambayi ɗan kwangila ba, sai dai ya sa hannu ya yi shiru.

Ita kanta kalmar majigi tana da labari. A shekarar 1659 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya zana hotunan ƙwarangwal yana cire kansa yana mayarwa, domin a haska su a bango da wata fitila mai gilashi. Turawa suka sa wa na'urar suna fitilar sihiri, kuma kalmar sihirin nan ta Ingilishi ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta koma majigi. Ta zo mana ne a cikin motar gwamnatin mulkin mallaka. Wani jami'in lafiya a Legas, William Sellers, shi ya fara yawo da hotuna yana koyar da tsabta tun ƙarshen shekarun 1920, a 1939 kuma aka ba shi shugabancin sashen shirya finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka. Kakanninmu sun zauna a ƙofar fada bayan sallar isha'i sun kalli yadda ake shuka auduga da yadda ake haƙa masai. Saboda haka haske a jikin bango ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma tun farko mun san cewa mai majigi ba ya zuwa hakanan, akwai abin da yake so mai kallo ya tafi da shi gida.

Kafin mu shiga na'urori, ya kamata mu fahimci duhun da ya haifi sana'ar. A Kano, ko a tsakiyar Disamba, yini ba ya gazawa sa'a goma sha ɗaya. A Landan kuwa yinin 21 ga Disamba bai cika sa'a takwas ba, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. A Helsinki, babban birnin Finlan, bai kai sa'a shida ba. Ma'aikaci ya fita da duhu, ya komo da duhu, ga ɗari mai ratsa ƙashi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da burin da ya wuce ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son haka ko kaɗan, domin waɗannan makonni su ne kakarsa. A Amurka cinikin watannin Nuwamba da Disamba kaɗai yana kusan kai kashi ɗaya cikin biyar na cinikin kantuna na shekara. Ke nan dole a sami abin da zai fito da mutane kan titi, ya kuma tsayar da su a can.

An fara da ƙwan lantarki. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwai 80 masu launi a jikin itacen Kirsimeti a gidansa na Niyok. 'Yan kasuwar titin Regent na Landan suka haɗa kuɗi suka ƙawata titinsu a 1954, na titin Oxford suka bi sawu a 1959. Amma birnin da ya fi cancanta mu dakata a kansa shi ne Liyon na Faransa, domin a can ne aka ga yadda al'adar talakawa ta rikiɗa ta zama masana'anta.

A 1852 mutanen Liyon suka shirya ɗora mutum-mutumin Nana Maryamu a kan majami'ar da ke tudun Fourvière. An sa ranar 8 ga Satumba, sai kogin Saône ya yi ambaliya ya shiga ma'aikatar maƙerin, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba. Ranar ta zo da hadari da ruwa, shugabannin majami'a suka yanke shawarar a jinkirta wasan wuta. Da maraice sama ta washe, sai mutane da kansu, ba wanda ya umurce su, suka jera kyandir a tagoginsu, gari ya ɗauki haske daga wannan unguwa zuwa waccan. Haka aka ci gaba kowace shekara fiye da ƙarni guda, kyandir a cikin ɗan kofin gilashi, kuɗinsa daga aljihun mai gida. A 1989 hukumar birnin ta fito da tsarin haska gine-ginenta da gadojinta, a 1999 kuma aka mai da daren nan guda ya zama biki na kwana huɗu, aka gayyato masu fasahar majigi daga ƙasashe. Masu shirya bikin sukan ƙiyasta baƙi kusan miliyan biyu a shekara mai kyau. Otal-otal su cika, jiragen ƙasa su cika. An fasa bikin a 2015 bayan harin da aka kai Faris a watan Nuwamba, mutane suka koma ga kyandir domin juyayin waɗanda suka mutu, aka sake fasawa a 2020 saboda annoba. Mu dai a ganinmu abin lura shi ne, duk lokacin da majigin ya mutu, kyandir ɗin ne ke saura.

Shi kuwa haska tsohon gini da dare tare da sauti, wani Bafaranshe mai kula da fadar Chambord, Paul Robert-Houdin, shi ya fara a 1952. Masar ta ɗauka ta kai dalar Giza a 1961. A 1969 kamfanin Disney ya haska fuskokin mawaƙa a kan sassaƙaƙƙun kawuna a wurin wasansa na Kalifoniya, har suka zama kamar suna motsa baki. Daga nan ne tunanin ya samo asali, cewa ba lalle sai farin ƙyalle shimfiɗaɗɗe ba, kowane jiki mai tudu da kwari yana iya karɓar hoto in an auna shi da kyau.

To, yaya ake zubo dusar? Hanya mafi araha ita ce wadda ma'aikatan dandamalin wasan kwaikwayo suka daɗe da sani. Ana samun ɗan faifan ƙarfe ko na gilashi wanda bai wuce tafin hannu ba, a huda shi da siffar da ake so, a sa shi a cikin fitila tsakanin ƙwai da gilashin da ke tattara haske. Suna kiransa gobo. Haske ya bi ta hudar, siffar ta fito a bango ƙatuwa. In ana son motsi sai a sa faifai mai juyawa, hudojinsa suna wucewa ta gaban hasken, a bango kuwa sai a ga ɗigogi suna gangarowa. Irin wanda ake sayarwa masu gida ya fi wannan sauƙi: wata 'yar ganga ce da aka liƙa wa ƙananan madubai tana juyawa a gaban ƙwai guda. Hanya mai tsada ita ce ta majigin kwamfuta. A cikin da yawa daga irin waɗannan akwai wani ɗan guntu da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments a 1987, mai ɗauke da madubai fiye da miliyan biyu, kowane ɗaya yana karkata sau dubbai a cikin daƙiƙa, ko ya jefa haske waje ko ya kau da shi. Kafin a kunna, sai an auna ginin kamar yadda tela ke auna mutum, tsawon kowace taga, faɗin kowane ginshiƙi, zurfin kowace baranda, a gina kwatankwacinsa a kwamfuta, sa'an nan a ɗinka hoton daidai jikinsa. Shi ya sa za a ga dusar tana taruwa a kan dokin taga, ƙanƙara tana tsirowa daga bakin indararo. In majigin ya goce da ɗan yatsa guda daga inda aka kafa shi, rigar ta karkace, asiri ya tonu.

Akwai ƙa'idodi na halitta da ba mai iya tsallake su, kuma nan ne muke roƙon ma'aikatan gobe su buɗe kunne. Majigi ba ya jefa baƙi. Abin da yake iyawa kawai shi ne ya ƙara haske a kan wanda ya tarar, saboda haka wurin da ya fi duhu a hoton shi ne bangon kansa yadda fitilun titi suka bar shi. In titin yana da haske, hoton zai fito a koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Shi ya sa a wuraren irin wannan biki ake kashe fitilun dandali ko a rage su, watau sai an sayi duhu kafin a sayar da haske. Sa'an nan ga lissafin faɗi. Ƙarfin majigi ana auna shi da lumen, hasken da ya sauka a kan kowace murabba'in mita kuma da lukus. Alal misali, majigi mai lumen 20,000 in ya rufe bango mai faɗin mita 20 da tsawon mita 10, watau murabba'in mita 200, kowace mita ta sami lukus 100 ke nan. Wannan ya fi hasken titi na dare, wanda yawanci bai wuce lukus 10 zuwa 20 ba, amma bai kai na teburin ofis ba, balle ranar tsaka wadda ke kai lukus 100,000. In aka ja majigin baya har nisan ya ninka, hoton zai rufe fili ninki huɗu, haskensa kuma ya koma rubu'i. Duk ɗan kwangilar da ya ce majigi guda zai rufe masa sakatariya sukutum, a tambaye shi wannan lissafi a gaban shaidu. Ga kuma jikin ginin. Farin dutsen da aka gina Liyon da Faris da shi yana mayar da haske da kyau, jan bulo yana shanye mafi yawansa, gilashi kuwa sai ya bar shi ya wuce ya faɗa ɗakin mutane.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a sana'ar shi ne yadda suka karanci idon ɗan Adam. Manyan ɗigogin ruwan sama suna faɗowa da gudun da ke kai mita tara a daƙiƙa, ita kuwa dusar ƙanƙara ba ta cika wuce mita ɗaya ko biyu ba, tana lilo tana karkata. In mai majigi ya sa gudun ya yi yawa, sai ido ya ce ruwa ne. In duk ɗigogin girmansu ɗaya, sai ido ya ce zane ne a bango. Don haka sukan haɗa hawa biyu ko uku: manya masu ɗan dishi-dishi suna saurin sauka kamar suna kusa, ƙanana masu kaifi suna tafiya a hankali kamar suna nesa, sai bango shimfiɗaɗɗe ya sami zurfi. Siffar ƙwayar ma tana da ƙa'ida. Tun 1611 Johannes Kepler ya rubuta ɗan littafi yana tambayar dalilin da ya sa kullum kusurwarta shida ce, kuma wani manomi na jihar Bamont a Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonta ta madubin likita a 1885, ya ɗauki fiye da 5,000 kafin ciwon haƙarƙari ya kashe shi a 1931. Duk da haka ba a rasa kantin da ke haska mai kusurwa takwas, ba kuwa mai tanka masa.

Sai launi. Inuwar da ke kan dusar ƙanƙara shuɗiya ce, domin hasken sama ne ke cika ta, ga kuma shuɗin magariba mai tsawo na ƙasashen arewa. Saboda haka Bature in ya ga fari mai ratsin shuɗi sai jikinsa ya tuna ɗari. Masu sana'ar suna auna launin haske da kelbin: kyandir kusan 1,900, tsohon ƙwan lantarki 2,700, farin da ya karkata shuɗi 6,500 ko fiye. Wani abin dariya shi ne, wanda suke kira mai ɗumi shi ne mai ƙaramar lamba. Ko launi yana sa mutum ya ji sanyi da gaske? Wani masani ɗan Denmak, Ole Fanger, ya gwada tare da abokan aikinsa a 1977, ya tarar bambancin zafin ɗakin da mutane suka zaɓa a ƙarƙashin jan haske da shuɗi bai kai rabin digiri ba. Ke nan fata ba ta ruɗuwa sosai, zuciya ce ke ruɗuwa. Dabarar ɗan kasuwa kuwa a nan take: ya zuba shuɗi da fari a saman ginin, ya bar ƙofa da tagogin ƙasa da ruwan ɗorawa mai kama da garwashi. Wanda ya tsaya minti goma yana kallon ɗari a bango, in ya sauke kai, abin da zai fara gani shi ne ƙofa mai kama da murhu. Ba sai an ce masa bismilla ba.

Shi wannan shuɗin ma sabo ne a hannun ɗan Adam. An daɗe da samun ƙwan LED ja da kore, amma shuɗi mai ƙarfi ya gagara sai a farkon shekarun 1990, a hannun Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba lambar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne ake samo farin LED, kuma lezar da ke cikin manyan majigai na yanzu 'yar gidansu ce. Da babu aikin mutanen nan uku, da sana'ar ba ta yi arahar da ta shiga kowane kanti ba.

Jama'a, akwai tambayar da ya kamata mai ilmi ya yi: wane hunturu ne ake sayarwa? Hukumar yanayi ta Birtaniya ta ce tun daga 1960 sau huɗu kacal aka wayi gari ranar Kirsimeti dusar ƙanƙara ta rufe sassa da yawa na ƙasar, watau 1981 da 1995 da 2009 da 2010. Hunturun Landan na gaskiya yayyafi ne da laka da sama mai launin toka. Farin hunturun da ke zukatansu gado ne daga wani zamani mai sanyi, lokacin da kogin Thames kan daskare har a ci kasuwa a kansa, abin da bai sake faruwa ba tun 1814. Charles Dickens, wanda aka haifa a 1812, ya yi ƙuruciyarsa a cikin waɗannan shekaru, labarin Kirsimetin da ya buga a 1843 kuwa ya taimaka wajen dasa hoton a kan 'yan baya. Ashe ko a gidansa majigin ba yanayin gari yake nunawa ba, bege yake nunawa. Da ya zama haja kuwa sai ya shiga jirgi. Singafo, wadda ke dab da tsakiyar duniya, tana ƙawata titin Orchard tun 1984. Dubai ta wuce nan, ta gina tudun dusar ƙanƙara na gaske a cikin kanti a 2005, a tsakiyar hamada.

Wa ke biya, kuma yaushe ake fasawa? Kantin Saks da ke titi na biyar a Niyok ya shafe kusan shekara ashirin yana haska gabansa kowane Disamba, mutane suna cika titi har 'yan sanda su tare motoci. A 2024 ya fasa, ya ce shekarar ta yi wa masu sayar da kayan alatu tsanani. Daga nan mutum zai gane cewa abin talla ne, ran da lissafi bai fita ba sai a naɗe. Gwamnatoci ma sun sha irin wannan gwaji a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tsada. Magajiyar garin Faris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta sa aka riƙa kashe hasumiyar Eiffel da sha biyu saura kwata maimakon ƙarfe ɗaya na dare, gine-ginen hukuma kuma da ƙarfe goma. Fitilun titin Champs-Élysées aka rage musu sa'o'i, aka kuma kwance su tun 2 ga Janairu. Jamus ta hana haska gine-gine da wuraren tarihi don ado daga 1 ga Satumba na shekarar, dokar ta ƙare a 2023. Gaskiya wutar da aka tsimi ta wannan hanya kaɗan ce in an gwada da ta ɗumama gidaje. Amma shugabannin sun san ba za su iya ce wa talaka ya rage wutar ɗakinsa ba alhali majalisar gari tana walƙiya har asuba, kuma a nan mun ba su gaskiya.

Bari mu yi namu lissafin. Babban majigi mai lumen 30,000 yana jan kusan kilowat uku. A ce an kafa goma, sa'a biyar kowane dare, har dare talatin: kilowat 4,500 na sa'a ke nan. A Faransa wannan ba a bakin komai yake ba. A Nijeriya kuwa, inda rabon kowane mutum na wutar shekara guda bai kai kilowat 200 na sa'a ba, wutar mutum fiye da ashirin ce ta shekara cur, kuma kowa a zauren nan ya san janareta ne zai ɗauki nauyin, da man dizal ɗinsa da ƙararsa.

Akwai kuma waɗanda ba a shawarta da su. Mai ɗaki a tsallaken titi wanda shuɗin haske ke yawo a silinsa har tsakar dare, ga shi kuwa hasken da ya karkata shuɗi shi ya fi hana jiki shirin barci. Akwai mai farfaɗiya. A 16 ga Disamba 1997 wani shirin yara na talabijin a Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, shi ya sa ƙa'idar da ake bi ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa. Akwai matuƙin jirgin sama, domin hukumar jiragen sama ta Amurka ta sha jan kunnen masu gidaje a watan Disamba su karkata lezar adonsu ga bango, kada ta tsere sama. Duk hasken da ya goce wa gini kuwa sama ya nufa. Wani taswirar duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna kwana a ƙarƙashin saman da hasken lantarki ya gurɓata, sulusinsu kuma ba sa iya ganin farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama. A cikin ƙasashen da taswirar ta ce samansu ya fi tsabta, maƙwabciyarmu Cadi tana sahun gaba. Ba mu ce rashin lantarki abin alfahari ba ne, Allah ya kiyaye. Amma yaron ƙauyen da ke nuna kaza da 'ya'yanta da yatsa yana da abin da ɗan Landan ya rasa, kuma Faransa sai da ta kafa doka a Disamba 2018 tana ƙoƙarin maido da kaɗan daga cikinsa.

Kada a ɗauka muna kushe abin gaba ɗaya. A 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 6,400 a Kobe da kewayenta a Japan, unguwanni suka kwana cikin duhu ba lantarki. A Disambar shekarar aka kafa bakuna na katako masu dubban ƙwai a tsakiyar birnin, aikin wani Ba'italiye, Valerio Festi, da wani Bajapane, Hirokazu Imaoka, domin tunawa da mamata. An yi niyyar sau ɗaya ne, mutanen gari suka nemi a ci gaba, har ana roƙon kowane mai kallo ya jefa yen ɗari a akwati. Daga 2024 aka mai da shi watan Janairu, kusa da ranar da abin ya faru. Wannan ba majigi ba ne, ƙwai ne a jikin katako, amma ya nuna cewa hasken sanyi yana iya zama na mutanen gari in ya taso daga abin da ya same su. Wanda ya tsaya a Kobe ya san dalilin da ya sa aka kunna.

Saboda haka ran da fayil ɗin ya iso teburinku, ku duba ko saye za a yi ko haya, domin abin da za a kunna wata guda a ajiye wata goma sha ɗaya haya ta fi dacewa da shi. Ku nemi a rubuta ƙarfe nawa za a kashe, wa zai share, wa ke da mallakar hoton in kwangila ta ƙare, kuma a yi gwaji da dare a jikin ginin kansa kafin a biya ko kwabo. Gani ya kori ji. Ku tuna kuma cewa watannin da ake wannan ado su ne na hunturunmu, ƙura tana toshe matatar iskar majigi har ya yi zafi ya kashe kansa, hazo kuma yana watsa hasken a hanya, a ga sandar haske tsaye a sarari, hoton da ke bango kuwa ya dushe.

Masu karatun zanen gine-gine kuma ga abin da za su iya gwadawa a daren nan ba tare da kasafin kuɗi ba. Jar ƙasa ja take mayarwa, shuɗi kuwa shanye shi take yi, saboda haka dusar Liyon in aka jefa ta a jikin ganuwa ko katangar soro, abin da zai fito shi ne wani dishi-dishi mai kama da toka. Amma bangon magina na Kano da Zariya yana da abin da farin dutsen Faris ba shi da shi, watau zanen da aka tayar da hannu tun laka tana ɗanya, dagi da sauransu. Irin wannan ba ya bukatar hoto daga waje. A sami fitila guda mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta wuce wat goma ba, a ajiye ta a gindin bangon, kamu biyu ko uku daga jikinsa, a karkata ta sama yadda hasken zai shafi bangon a kaikaice. Kowane tudu zai jefa inuwarsa, zanen da rana tsaka ke shafewa ya fito kamar yau magini ya ɗauke hannunsa. In an matsar da fitilar taki guda hagu ko dama, inuwar ta juya, sai a ga wani zanen dabam a bango ɗaya.